Darasi na 14: Karkarwar Hannu ta Gado

Kusan kowannenmu, ko a Jega yake zaune ko Aliero ko Maiyama, ya san wani gida da aka shaida da rawar hannu. Kakan gidan ya rayu da ita, uban ya tashi da ita, ga kuma ɗaya daga cikin 'ya'yan, tun bai cika shekara 30 ba, in ya ɗauki kofin shayi sai ya tallafe shi da hannu biyu. In aka tambayi maƙwabta sai su ce gado ne. A nan sun faɗi gaskiya. Kuskuren yana zuwa ne a abin da ke biyo baya. Wani ya ce tun da gado ne sai haƙuri. Wani ya ce jifa aka yi wa gidan tun zamanin kakanni. In tsoho ne a ce tsufa, in mace ce a ce iska, in kuwa saurayi ne sai a fara kallonsa da idon zargi, wai ƙwaya yake sha.

Wannan darasi a kan wannan lalura yake. A katin asibiti za ku ga likita ya rubuta essential tremor. Mu a nan za mu kira ta karkarwar gado, duk da cewa, kamar yadda za mu gani, ba kowane mai ita ne ya san wanda ya gada ba.

Yadda take bayyana

Babbar alamarta ita ce hannu yana rawa ne a lokacin da aka sa shi aiki. In mutum ya zauna ya ɗora hannuwansa a cinya, lafiya lau. In yana barci ma babu komai. Amma da ya miƙa hannu zai karɓi canji, ko ya ɗaga ludayin fura zuwa baki, sai rawar ta tashi, kuma tana ƙaruwa ne daidai lokacin da ludayin ya kusa leɓe. Yawanci hannu biyun take kamawa, ko da ɗaya ya fi ɗaya. Saurinta yakan kai kaɗawa 4 zuwa 12 a cikin daƙiƙa guda.

Ku dubi manomin albasa a Aliero lokacin dashe. Ya tsuguna a bakin fangali da damin iri a hannun hagu, yana zaro ƙwara ɗaya da yatsu biyu na dama, ya tura saiwarta cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya danne gindin. Aiki ne da ake maimaitawa sau dubbai a yini. Mai karkarwa yana da ƙarfinsa, buhun albasa ma zai iya saɓawa a kafaɗa. Amma wajen zaro wannan siririn iri sai biyu ko uku su biyo, wani ya karye a wuya, wani ya shiga ƙasa a karkace. Kafin azahar 'yan ƙwadago sun ba shi ratar fangali da yawa, gobe kuma mai gona ba zai neme shi ba. Haka tela yake fama da zura zare a allura, haka mai koko take ɓarar da rabin ludayi a bakin leda, haka ɗan kasuwa yake jin kunya a banki in an ce sa hannunsa na yau bai yi kama da na bara ba.

Bayan hannu, takan kama kai, mutum ya riƙa gyaɗa shi ko girgiza shi ba da saninsa ba, wannan kuma ya fi yawa ga mata. Takan kama murya, magana ta riƙa fita da rawa-rawa. Ƙafa ba ta cika shiga ciki ba. Tafiyarta a hankali ce: ana shekaru da dama kafin a lura ta ƙaru.

Ba baƙuwar lalura ba ce. A duniya ana ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 100 yana da ita, a cikin waɗanda suka haura shekara 65 kuwa, kimanin 4 zuwa 5 cikin 100. A nan Nijeriya, Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas da abokan aikinta sun bi gida-gida a unguwar Surulere, suka tantance mutum 3,000, suka wallafa a 2012 cewa kimanin 12 cikin kowane 1,000 suna da ita. Ba ta tsofaffi kaɗai ba ce. Takan fara ga wasu tun suna samari da 'yan mata, wasu kuma sai bayan sun manyanta. Likitan Italiya Pietro Burresi, wanda ya fara kiran ta da sunan da take ɗauke da shi yau, a 1874, a jikin wani saurayi ɗan shekara 18 ya gan ta.

Daga ina take fitowa?

Aliero ta yi suna da ɗori. Daga nesa ake kawo masu karaya da targaɗe, don haka ba abin mamaki ba ne in mai rawar hannu ya fara tunanin zuwa wurin mai ɗori ko mai tausa. Sai dai ƙashin hannunsa lafiya yake, naman ma haka. Matsalar tana can sama.

A ƙeya, ƙarƙashin babbar ƙwaƙwalwa, akwai wata ƙaramar ƙwaƙwalwa. Ba ita ke ba hannu ƙarfi ba. Aikinta daidaita motsi, ta auna nisan baki daga kofi, ta ce wa wannan tsoka ja, ta ce wa waccan saki, duk cikin ƙiftawar ido. Kamar mai riƙe da garmar shanu take: shanun ke da ƙarfin ja, amma shi ke sa kunya ta miƙe. In riƙonsa ya yi sako-sako, shanu ba su rasa ƙarfi ba, kunyar ce za ta fito a karkace. A jikin mai wannan lalura, saƙon da ke kai da komo tsakanin wannan ƙaramar ƙwaƙwalwa da wata mahaɗa da ke tsakiyar kai, wadda ake kira talamus, yana fita ne da bugu-bugu maimakon ya tafi sumul. Wannan bugun shi muke gani a hannu.

Saboda haka ba ciwon hauka ba ce, ba farfaɗiya ba ce, ba ta yaɗuwa ta cin abinci a kwano ɗaya, kuma ita kanta ba ta kisa.

Maganar gado

Kimanin rabin masu ita suna iya nuna wani a danginsu da yake da ita. A irin waɗannan gidaje, ɗaya daga cikin iyaye ya wadatar. In uba ne ke ɗauke da ita, ko uwa, kowane ɗa da aka haifa, namiji ko mace, yana da rabin yiwuwar ɗauka, wato 50 cikin 100. Wannan lissafi sabo yake komawa a kowace haihuwa. Ba wai in 'ya'ya shida ne lallai uku su samu ba. Ana iya samun biyar, ana iya samun ɗaya, ana iya rasa ko ɗaya. Kuma wanda ya ɗauka ɗin ma, tasa tana iya zama 'yar kaɗan da ba mai lura sai shi, alhali ta yayansa ta hana shi rubutu.

A nan ya kamata mu tsaya, domin mutane da yawa suna haɗa ta da sikila. Sikila sai uwa da uba duka sun ba da nasu kason kafin yaro ya kamu, shi ya sa ake gwajin jini kafin aure, shi ya sa kuma ake jan kunne game da haɗa AS da AS. Karkarwar gado ba ta bi wannan hanya ba. Babu gwajin jinin da za a yi a asibiti a ce ga ta nan tafe. Ba auren zumunci ke haifar da ita ba, auren bare ma ba ya kore ta. A ganina, fasa aure saboda uban yarinya yana da rawar hannu zalunci ne da ba shi da madogara. Lalura ce da mutum ke iya yin noma da kasuwanci da limanci da ita har tsufansa.

Sauran rabin, waɗanda ba su san kowa a dangi ba, wasu iyayensu sun rasu ne tun kafin ta bayyana gare su, wasu kuma a kansu ta fara.

Abin da ke tayar da ita

Gajiya, rashin barci, yunwa, fushi, tsoro, da zama a gaban jama'a, duka suna ƙara ta. Shi ya sa mai ita yakan iya sa hannu daidai a ɗakinsa, ya kasa a gaban ma'aikacin banki. Ya ji kunya, kunyar ta ƙara rawar, rawar ta ƙara kunyar.

Sai goro. Kasuwar Jega ta daɗe da sanin goro, tun zamanin da fataken Gwanja ke yada zango a nan, kuma ba sauƙi ba ne a ce wa dattijo ya rage shi. Amma sinadarin da ke hana barci a cikin goro shi ne dai ke cikin kofi da shayi mai kauri da lemun ƙara kuzari na gwangwani da samari ke sha, kuma yana ƙara rawar hannu ga mutane da yawa. Ba shi ke kawo lalurar ba, ruruta ta yake yi. Kowa ya gwada da kansa: ya bar shi na mako biyu ya ga ko akwai bambanci.

Akwai wani abu da za ku iya ji a bakin mutane, gara ku ji shi a aji. Giya tana kwantar da wannan karkarwa na ɗan lokaci ga da yawa daga masu ita. Bayan 'yan awoyi rawar takan dawo fiye da da. Ban da haramcinta a addini, wanda ya ɗauke ta magani zai wayi gari da lalura biyu.

Ba kowace rawar hannu ce ta gado ba

Wannan shi ne sashen da ya fi muhimmanci, kuma shi ne dalilin da ya sa ba a yanke hukunci a zaure.

Wadda aka fi rikita ta da ita ita ce cutar Parkinson, wadda likitan Ingila James Parkinson ya bayyana a 1817, wadda kuma ɗan damben nan Muhammad Ali ya yi fama da ita. Ita akasin tamu ce. Hannu yana rawa ne in yana ajiye, babban yatsa yana murza na kusa da shi, da an miƙa shi aiki sai ya lafa. Takan fara a gefe ɗaya. Jiki yana sandarewa, motsi yana yin nauyi, fuska ta daina nuna fara'a, mutum ya duƙa yana jan ƙafa da gajerun taku. Rubutun mai Parkinson yana ƙanƙancewa, na mai karkarwar gado kuwa manya-manya ne masu zigzag na rawa. Maganinsu ma daban: levodopa da ke taimakon mai Parkinson ba ya yi wa mai karkarwar gado aiki.

Akwai kuma ƙululun da ke gaban wuya, wanda in ya kumbura muke cewa maƙoƙo. In ya yi aiki fiye da kima, hannu yakan yi rawa ƙanana-ƙanana, mutum yana ci yana ramewa, yana yawan gumi, zuciya tana dukan uku-uku, wani lokaci idanu su firfito. Wannan ana gano shi da gwajin jini, kuma in aka yi maganinsa rawar takan tafi gaba ɗaya. Babbar asara ce a bar irin wannan mutum shekaru ana ce masa gado ne.

Magunguna ma suna kawo ta. Salbutamol na masu asma, da sodium valproate na masu farfaɗiya, da wasu magungunan taɓin hankali suna cikin waɗanda aka sani da haka. Mai ciwon suga in sugansa ya faɗi yakan yi karkarwa da gumi. Wanda ya saba da giya ko tramadol in ya bari farat ɗaya jikinsa yakan ɗauki ɓari. Manomin da ya yi feshin maganin ƙwari ba takunkumi ba safar hannu, in ya dawo gida da karkarwa da dalalar miyau da amai da ciwon ciki, guba ce, asibiti ake kai shi a ranar. Masu ƙona zinariya da ruwan zaiba, irin aikin da ake yi a wuraren haƙar zinariya, hayaƙin yana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma rawar hannu tana cikin alamunsa na farko.

In kuwa rawar ta zo ne kwatsam a dare ɗaya, tare da mutuwar ɓarin jiki ko karkacewar baki ko sarƙewar harshe, ba maganar wannan darasi ba ce. A nemi mota nan take.

A gaban likita

Babu na'urar da ke nuna karkarwar gado. Da tambaya da kallo ake gane ta, gwaje-gwaje kuma don kawar da sauran ne. Likita zai tambaya: "Baba, tun yaushe ta fara? Hannu ɗaya ko biyu? Akwai mai irinta a gidanku? Wane magani kuke sha?" Zai ce a miƙa hannuwa gaba a tsaya, a taɓa hanci da yatsa sannan a taɓa nasa yatsan, a juye ruwa daga kofi zuwa kofi, a zana layi mai kewayawa daga tsakiyar takarda yana faɗaɗa waje ba tare da an jingina hannu ba. Zai duba tafiya, ya lanƙwasa gwiwar hannu ya ji ko akwai sandarewa. Yakan tura gwajin jini na maƙoƙo da na suga. Hoton ƙwaƙwalwa ba kowa ke buƙatarsa ba.

Bisa ƙa'idar da ƙungiyar likitocin wannan fanni ta duniya ta fitar a 2018, ba a tabbatar da sunan sai rawar ta kama hannu biyu, ta kai aƙalla shekara 3, kuma babu wata alamar ciwon jijiya tare da ita. Don haka in likita ya ce a dawo bayan wata shida ya sake dubawa, ba yawo yake muku da hankali ba.

Ana farawa ne daga babban asibitin da ke kusa, kamar na Jega. In abin ya fi ƙarfin nan, akwai Asibitin Tunawa da Sir Yahaya da asibitin gwamnatin tarayya a Birnin Kebbi, sannan Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, inda ake samun likitocin ƙwaƙwalwa da jijiya.

Magani

Gaskiya ɗaya ce: babu maganin da ke tumɓuke ta. Duk mai lasifika a kasuwa da ya ce kwalbarsa tana yanke rawar hannu cikin kwana bakwai, kuɗinku yake so. Abin da ake iyawa shi ne rage ta har mutum ya ci abinci, ya yi rubutu, ya yi sana'arsa. Wanda tasa ba ta hana shi komai ba, ba ya ma buƙatar shan komai.

Magunguna biyu ne a sahun gaba. Na farko propranolol, wanda asalinsa na zuciya da hawan jini ne, ba shi da tsada kuma ana samunsa. Wannan sauƙin samun shi ne haɗarinsa, domin ana iya shiga kemis a saye shi a kan maganar maƙwabci. Mai asma in ya sha shi numfashinsa zai iya sarƙewa har ta kai ga rasa rai. Mai jinkirin bugun zuciya zai iya yanke jiki ya faɗi. Ga mai ciwon suga kuwa, yana ɓoye alamun faɗuwar suga, sai abin ya yi nisa ba a sani ba. Wanda ya daɗe yana shan sa ba ya barin sa rana ɗaya, a hankali ake janye shi. Wasu likita yakan ce su sha ne kawai gabanin wata hidima, kamar ɗaurin aure ko jarabawa.

Na biyu primidone, wanda asalinsa na farfaɗiya ne. Shan farko yakan zo da jiri da tashin zuciya da barci, shi ya sa ake farawa da ɗan kaɗan da dare a riƙa ƙarawa. Mutane da yawa suna jefar da shi tun kwanan farko, alhali wahalar takan wuce. Kowanne daga cikin biyun yana taimakon kimanin rabin masu shan sa, kuma hannu ya fi jin su fiye da kai da murya. In ba su yi ba, likita kan haɗa su ko ya gwada topiramate. Rawar kai da ta murya a wasu lokuta ana yi musu allurar Botox, wadda ake maimaitawa bayan 'yan watanni. Mace mai ciki ko mai shayarwa ta faɗa tun kafin a rubuta mata komai. Mai azumi ya tambayi yadda zai jera shan maganinsa tsakanin buɗa-baki da sahur.

Ga waɗanda rawar ta gallaba har ba sa iya kai loma baki, akwai tiyata. A Grenoble ta Faransa, a 1987, likita Alim-Louis Benabid ya fara dasa siririyar waya a cikin talamus, a haɗa ta da ɗan batir a ƙarƙashin fatar ƙirji, wutar tana kwantar da bugun nan. Amurka ta amince da wannan hanya a 1997, sannan a 2016 ta amince da wata da ake harba sauti mai ƙarfi ya ƙona ɗan ɗigon wurin ba tare da an buɗe kai ba. Ayyuka ne masu tsadar gaske, na manyan cibiyoyi.

Addu'a da tofi ba sa karo da ko ɗaya daga cikin waɗannan. A yi su, a je asibiti.

Zama da ita

Dabaru ƙanana suna rage wahala sosai. A zuba shayi rabin kofi, kofin ya zama mai nauyi da mariƙi. A manna gwiwar hannu a jiki ko a kan tebur lokacin ci da rubutu. A naɗa wa fensir ko biro tsumma ko roba ya yi kauri. A banki a gaya wa ma'aikaci lalurar, a nemi yin dangwale in sa hannu ya gagara. Mace mai tuya ta bar wa wani ɗaukar kaskon mai daga wuta.

Wata sana'ar kuwa dole a faɗi gaskiya a kanta. Wanzamin da hannunsa ya fara rawa zai iya ci gaba da koyarwa da sa ido, amma askar kaciya ya miƙa ta ga ɗansa ko yaronsa mai tsayayyen hannu. Girmansa ba ya raguwa da haka.

Mutanen gida su ma da nasu aikin. Kada a fizge kofi daga hannun dattijo a gaban baƙi, kada a bar yara suna kwaikwayonsa, kada kuma a ware masa kwano. Da yawa daga masu wannan lalura suna daina zuwa walima da cin abinci a majalisa, kunya ce ke tsare su a ɗaki tun kafin rawar ta yi tsanani.

Tambayoyi

1. Yaushe hannun mai karkarwar gado yake rawa, yaushe kuma na mai Parkinson yake yi?
2. Wata uwa tana da karkarwar gado, mijinta ba shi da ita. Sun haifi 'ya'ya 4. Za a iya cewa lallai 2 za su gada? Ku ba da dalili.
3. Me ya sa mai asma ba zai sha propranolol ba?

Aiki

A wannan mako kowa ya nemi mutum ɗaya mai rawar hannu a gidansu ko unguwarsu wanda bai taɓa ganin likita a kanta ba. Ku nemi izininsa cikin ladabi, ku rubuta masa a takarda shekarar da ta fara, da waɗanda ke da irinta a dangi, da abin da take hana shi yi. Ranar zuwa asibiti ku raka shi da wannan takarda, ku kuma tattara duk maganin da yake sha, na kemis da na gargajiya, a leda ɗaya ku ajiye a gaban likita.